Awon Ciki da Tarin Fuka: Halin da Matan Latin Amurka Suke Ciki a Amurka, da Abin da Ya Shafe Mu

Yawancinmu idan muka ji an ambaci tarin fuka, tunaninmu ba ya zuwa Amurka. Mun ɗauka cuta ce ta ƙasashe irin namu, inda mutum goma suke kwana a ɗaki ɗaya, abinci kuma bai wadata ba. Amma alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, take fitarwa sun nuna cutar ta ƙaru a can. A shekarar 2022 an sami sama da mutum 8,300 da suka kwanta da ita. A 2023 sun wuce 9,600, a 2024 kuma sun haura 10,000. Kimanin uku cikin huɗu na waɗannan mutane a wata ƙasa aka haife su, kuma Meziko ce kan gaba, sai ƙasashe irin su Filifin, Indiya da Biyetnam. Kusan rabin masu cutar suna zaune ne a jihohi huɗu: Kalifoniya, Teksas, Niyu Yok da Fulorida.

A cikin wannan hali ne likitoci suke mai da hankali kan mata masu juna biyu, musamman waɗanda ake kira Hisfanik, wato mutanen da asalinsu ya fito daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka masu magana da Sifaniyanci. Sun wuce miliyan 65, kusan mutum ɗaya ke nan cikin biyar na jama'ar Amurka, kuma kusan jariri ɗaya cikin huɗu da ake haifa a ƙasar mahaifiyarsa daga cikinsu take. A 2023 sama da kashi ɗaya cikin uku na masu tarin fuka a Amurka daga wannan al'umma suka fito. Kada wani ya ɗauka cutar a jininsu take. Inda aka haifi mutum, cunkoson gidan da yake zaune, da ko yana da halin ganin likita, su ne suke jawo wannan. Idan aka auna da yawan jama'a, baƙin da suka fito daga ƙasashen Asiya ma sun fi su kamuwa.

Cuta ɗaya, hali biyu

Ranar 24 ga Maris, 1882, likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya sanar da gano ƙwayar da take kawo tarin fuka, wadda ta iska ake ɗaukarta, daga tari ko atishawar mai ciwon. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙwayar tana iya shiga jiki ta kwanta shekara da shekaru ba tare da ta sa mutum ciwo ba. Garkuwar jiki ce take tsare ta. Mai irin wannan ba ya tari, ba ya rama, ba ya kuma sa wa kowa. Shi ake cewa tarin fuka mai barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa ɗaukar ƙwayar, kuma biyar zuwa goma cikin ɗari na masu ita ne za ta farka a jikinsu wata rana ta zama ciwo.

A Amurka an ƙiyasta mutum har miliyan 13 suna ɗauke da mai barcin, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari na masu kwanciya ciwon, tsohuwar ƙwaya ce ta farka a jikinsu. Mace tana iya ɗaukarta tana yarinya a wani ƙauye a Meziko ko Gwatamala, ta yi shekara goma sha biyar a Amurka lafiya ƙalau, sannan ciwon ya tashi. Saboda haka kasuwancin yaƙi da cutar a can ya dogara ne ga gano masu ƙwayar tun tana barci, a ba su magani kafin ta farka.

Me ya sa sai lokacin ciki?

Dalili na farko shi ne, ga mata da yawa cikin waɗannan baƙi, awon ciki ne kaɗai lokacin da suke shiga asibiti a kai a kai. Mutanen Hisfanik suna cikin waɗanda suka fi rashin inshorar lafiya a Amurka, kuma a can idan ba ka da inshora, ganin likita sau ɗaya yana iya cinye kuɗin aikin mako guda. Wadda ta shigo da bizar zama ta dindindin an yi mata gwajin tarin fuka kafin a ba ta takarda. Wadda ta shigo ta ɓarauniyar hanya kuwa babu wanda ya taɓa duba ta. Tana aikin gona, ko share gidaje, ko aiki a mayankar kaji, ba ta zuwa asibiti sai ciki ya kai ta.

Dalili na biyu, ciki yana ɓoye alamun ciwon. Gajiya, haki, zufa da rashin son abinci abubuwa ne da kowace mai ciki take kuka da su. Ramar da take tona asirin tarin fuka ba ta fitowa fili, domin nauyin ciki yana rufe ta. Sai a yi ta cewa laulayi ne har ciwon ya ci jiki.

Dalili na uku shi ne abin da za a yi asara. Mai cikin da take da ciwon ba a yi mata magani ba tana cikin haɗarin haihuwar bakwaini, ko jariri marar nauyi, ko rasa jaririn gaba ɗaya. Ba a cika haihuwar yaro da cutar daga ciki ba, amma uwa mai tari tana iya sa wa jaririnta a makonnin farko, ga shi kuma yaran da ba su kai shekara ɗaya ba sun fi kowa saurin kwanciya da ita, har ta kai ga sanƙarau. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa a cikin wata shida bayan haihuwa, yawan matan da ake samu da ciwon ya kusan ninka na sauran lokaci. Wani kuma da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2011 mata masu ciki kimanin 216,500 ne suka yi fama da tarin fuka a duniya, kuma Afirka ce ta fi yawansu.

Yadda ake gwajin

Ba kowace mai ciki ake gwadawa a Amurka ba. Ana tambayarta ne tukuna: a ina aka haife ta, ko ta taɓa zama da mai tari, ko tana da ƙwayar HIV ko wani abin da yake raunana garkuwar jiki. Idan amsar ta nuna haɗari, sai a yi ɗaya daga cikin gwaji biyu, dukansu kuwa ba su da illa ga ciki.

Na farko tsohon gwaji ne mai sunan likitan Faransa, Charles Mantoux. Ana ɗiga ɗan ruwan magani da allura a ƙarƙashin fatar hannu, mace ta koma gida, ta dawo bayan awa 48 zuwa 72 a auna kumburin wurin. Yana da arha, amma yana da matsala biyu ga waɗannan mata. Dole a zo sau biyu, wadda ake biyanta da awa kuwa, ba ta da mota, ga yara a gida, dawowar nan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan a Meziko da yawancin Latin Amurka ana yi wa jarirai allurar BCG da zarar an haife su, kamar yadda ake yi a nan Nijeriya, wadda take barin tabo a dantse. Amurka ba ta yin wannan allura ga kowa. BCG tana iya sa gwajin fata ya nuna akwai ƙwayar alhali babu. Daga nan sai wani kuskuren ya biyo baya: mace ta ce ai allurar yarinta ce, ta yi watsi da sakamakon ko da na gaske ne.

Na biyu gwajin jini ne, irin su QuantiFERON da T-SPOT. Zuwa ɗaya ya isa, ana iya ɗibar jinin tare da sauran jinin awo, kuma BCG ba ta rikita shi. Shi ya sa ake fifita shi ga wanda aka taɓa yi wa allurar. Ya dai fi tsada.

Idan gwaji ya nuna akwai ƙwayar, sai a ɗauki hoton ƙirji, a rufe cikin da wani mayafi mai tare hasken na'urar, a ga ko ciwon ya farka. In akwai alama, sai a gwada kaki.

Inda shawara take da wuya

Idan ciwon ya farka, babu gardama: a fara magani nan take, domin haɗarin ciwon ya fi na maganin nesa ba kusa ba. A Amurka an saba ba mai ciki isoniyazid, rifamfisin da etambutol, a yi wata tara ana sha. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta yarda a ƙara firazinamid a gama cikin wata shida. Ana haɗawa da bitamin B6 don kare jijiyoyi. Allurar siteriftomaisin ce ba a yi wa mai ciki, domin tana iya kurmantar da jaririn. Mai shan maganin tana iya shayar da ɗanta nono.

Wahalar tana wajen ƙwaya mai barci. Isoniyazid yana iya taɓa hanta, kuma ana ganin wannan haɗari ya fi yawa lokacin ciki da watannin farko na jego. Wani rahoto da aka wallafa a Amurka a 1989 ya bi bayan mata 3,681, galibinsu Hisfanik, da aka ba su wannan magani ta hanyar awon ciki. Biyar sun kamu da ciwon hanta, biyu suka rasu. A 2019 kuma aka wallafa wani babban gwaji da aka yi da mata 956 masu ciki masu ƙwayar HIV a ƙasashe takwas. An ba rabi maganin tun suna da ciki, aka jinkirta wa rabi sai mako 12 bayan haihuwa. Matsalolin ciki, irin su ɓari, haihuwar bakwaini da rashin nauyin jariri, sun fi yawa a rukunin farko, kimanin kashi 24 cikin ɗari, a na biyu kuma kashi 17.

Saboda irin waɗannan dalilai, abin da aka saba yi a Amurka shi ne, idan mace tana da ƙwaya mai barci kuma lafiyarta ƙalau, a jira sai wata biyu ko uku bayan ta haihu. Ba a jira idan tana da HIV ko kwanan nan ta zauna da mai ciwon. Gajeren maganin nan na mako 12, da ake sha sau ɗaya a mako, ba a ba mai ciki shi.

Shawarar jira tana da hikima ta fuskar likitanci. Amma ta ginu ne a kan zaton cewa matar za ta dawo.

Inda ake rasa su

Wani bincike da aka wallafa a 2005 ya duba mata marasa ƙarfi a birnin San Faransisko waɗanda gwajin fatarsu ya nuna ƙwayar lokacin ciki. Ƙasa da rabinsu ne suka dawo bayan haihuwa, waɗanda suka sha maganin har ƙarshe kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. An yi gwajin, an rubuta sakamakon a kati, amma ƙwayar tana nan a ƙirjin mata huɗu cikin biyar.

Ba sakacin matan ne kaɗai ba. Shirin gwamnati na taimakon marasa ƙarfi, Medicaid, shi yake biyan kuɗin haihuwa kusan huɗu cikin goma a Amurka, kuma shekara da shekaru taimakon yana yankewa ne kwana 60 bayan haihuwa, daidai lokacin da likita ya ce a fara magani. Wata doka ta 2021 ta ba jihohi damar tsawaita shi zuwa wata 12, kusan dukansu kuma sun yi haka. Sai dai a jihohi da yawa wannan bai shafi mace marar takardar zama ba. Ana biya mata awo da haihuwa ne saboda jaririn da yake cikinta, da ta sauka sai ƙofar ta kusan rufewa. Ga kuma canjin wuri: a ɗakin awo aka gwada ta, amma maganin yana ofishin lafiya na gunduma, a wata unguwa, wurin mutanen da ba ta sani ba, wataƙila babu tafinta. Sannan a ce wa mai jego da ba ta jin ciwon komai ta yi wata huɗu ko fiye tana shan ƙwaya kullum.

A 'yan shekarun nan tsoro ya ƙaru a kan waɗannan. Wata doka da Fulorida ta kafa a 2023 ta sa asibitocin da suke karɓar Medicaid su riƙa tambayar majiyyaci matsayin zamansa a ƙasar. Gwamnan Teksas, Greg Abbott, ya ba da irin wannan umarni, ya fara aiki a Nuwamba 2024. Mutum yana da damar ƙin amsawa, kuma ba a ce a hana shi magani ba, amma wadda mijinta ba shi da takarda, jin tambayar kaɗai ya isa ya hana ta komawa. A Janairu 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta soke ƙa'idar da ta daɗe tana taƙaita kamen baƙi a asibitoci, makarantu da wuraren sujada. A Fabrairu ƙungiyoyin Kirista da na Yahudawa sama da ashirin suka kai gwamnati kotu a kan batun wuraren sujada, cikinsu har da Church of the Brethren, wadda 'yan'uwanmu na EYN suka fito daga aikin bisharar ta.

Kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, masu goyon bayan waɗannan matakai kuma suna cewa jama'a suna da haƙƙin sanin nawa ake kashewa a kan waɗanda suka shigo ba bisa doka ba. Wannan magana ce da za a iya tattaunawa. Abin da muke gani shi ne, ƙwayar tarin fuka ba ta duba takarda. Matar da ta ji tsoron zuwa karɓar magani, idan ciwon ya farka, jaririnta ne zai fara shaƙa, shi kuwa haifaffen ƙasar ne. Daga nan sai abokan aikinta, da waɗanda suke zama kusa da ita a majami'a. Maganin ƙwaya mai barci ya fi arha ƙwarai a kan jinyar mai ciwo da bin sawun dukan waɗanda ya zauna da su. Ƙasar da ta kashe kuɗi ta gwada mace sannan ta tsorata ta daga karɓar magani ta yi asara sau biyu.

Abin da ya shafe mu

Idan ƙasar da take samun masu ciwon dubu goma a shekara tana wannan fafutuka, ina ga mu? A 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kwanta da tarin fuka a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka mutu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ciwon, ita ce ta shida a duniya, ana ƙiyasta kusan rabin miliyan a shekara. Damuwarmu ta fi ƙarfin ƙwaya mai barci, domin har yanzu akwai dubban masu ciwon da ya riga ya farka waɗanda ba a gano su ba. Rage tallafin lafiya da Amurka ta yi wa ƙasashen waje a 2025 ya ƙara wa aikin nauyi, tun da ita ce ƙasar da ta fi ba da kuɗin yaƙi da wannan cuta.

Duk da haka gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su, cikinsu har da asibitocin mishan da yawa. Akwai na'urar GeneXpert mai gwada kaki ta ba da sakamako cikin 'yan awoyi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010. Abin da ya faru da matan Latin Amurka ya nuna mana cewa samun na'ura da magani bai isa ba. Tsakanin gwaji da warkewa akwai tafiya ta watanni, kuma a nan ne ake rasa mutane. Su inshora da tsoron jami'an shige da fice ne suke tare su. Mu kuwa kuɗin mota ne, da nisan asibiti, da kunya, da tsoron kada a ce ƙanjamau ne ko sammu, da mijin da bai ga dalilin komawa ba tun da tarin ya lafa.

A nan ikilisiya take da abin yi wanda asibiti ba zai iya ba. Zumuntar mata ta san kowace mai ciki a majami'a, ita take zuwa barka, ita take kai ruwa da itace da sabulu gidan mai jego. Waɗannan iyaye mata suna iya riƙe alamu huɗu a ka: tari da ya ƙi tafiya, zazzaɓi, zufar dare, da rama ko rashin ƙaruwar nauyi ga mai ciki. Wadda aka ga haka a jikinta, a raka ta awo, a kuma faɗa wa ma'aikaciyar jinya a fili cewa ana so a gwada kaki, kada a tsaya ga maganin tari na kemis. Wadda aka ɗora a kan magani, a sami 'yar'uwa ɗaya da za ta riƙa leƙa ta har wata shidan su cika, domin yanke magani a tsakiya shi yake haifar da irin tarin da ba ya jin magani. In idonta ya yi rawaya, ko ta fara amai da ciwon ciki, a mai da ita asibiti a ranar. A kai yaran gidan su ma a duba su, a tabbata an yi wa jariri allurar BCG.

Fastoci da dattawa kuma su faɗa daga bagade cewa tarin fuka ciwo ne mai magani, ba hukunci ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta kwano ko gaisawa. Mu yi wa marar lafiya addu'a, mu kuma biya masa kuɗin mota. Maza su sani cewa raka mace asibiti yana cikin haƙƙin aure. A garuruwanmu ma akwai baƙi, waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu suna cunkushe a sansani ko a ɗakin aro, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Matansu masu ciki su ne suka fi kama da waɗancan matan na Teksas da Kalifoniya.

Masu 'ya'ya ko dangi a Amurka kuma, ku gaya musu: wanda aka haifa a Nijeriya yana cikin waɗanda ake ba shawarar gwadawa. Idan 'yarku ta je awo aka ce za a yi mata gwajin, ta yarda, ta nemi na jini tun da tana da tabon BCG. In an ce ta dawo bayan haihuwa, ta rubuta ranar, ta koma.